Ranar da Na Juya Dutsen Gugaram

Ku yaran da ke shigowa shagona da portabil, wayar nan taku, a hannu kuna cewa, "Baba Sanusi, ai wannan aikin minti biyar ne, a zuba hotuna a shafi su dinga wucewa," ku ja benci ku zauna. Minti biyar ɗin nan naku, ni sama da shekara ashirin ke nan ina cikinsa. A cikinsa gemuna ya yi fari, a cikinsa tumbina ya girma har yana riga ni shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin in iso.

Daga Damagaram na zo Arlit, a bayan babbar mota, bisa buhunan gero. Kawuna yana aiki a kamfanin ma'adinai, shi ya roƙa aka ɗauke ni aparanti, wato ɗan koyo, a ofishin na'urori, ƙarƙashin wani mutumin Tawa da ake kira Mushe Abdu, wato Malam Abdu a bakin 'yan bokon Faransa. Siriri ne ƙwarai, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Wata shida na yi ina naɗe wayoyi ina dafa masa shayi, bai bari yatsana ya taɓa ordinater ba, wato kwamfuta. Da ya fara koya mini rubuta kod, wato umarnin da ake ba na'ura, a kaye, littafin 'yan makaranta, ya sa na dinga rubutawa da bik. In na manta alama ɗaya, sai ya miƙo mini kayen ya ce, "Wanga shahi naka ya mutu. Tashi ka yi mishi salla."

Abu guda ya fi tsanantawa a kai. Duk hoton da aka kawo, sai a ajiye na asalin a wani wuri daban, a yi aiki a kan kwafi. Shi yana kiran na asalin uwa. "Kak ka taɓa uwa," haka yake cewa kullum. "Ɗiya ka yanka, ka matse, ka yi mata abin da kaka so. Uwa tana nan." Na ji wannan magana har ta fita mini ta hanci. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Da na buɗe shagona kusa da tasha, masu kai Turawa yawon sahara su ne abokan cinikina na farko. Kowa yana son shafi mai hoton tudun rairayi da raƙumi da butar shayi. Sai tawaye ya sake tashi. Hanyar Agadas ta koma sai da rakiyar soja, Turawa suka ɗauke ƙafa, shafukan da na gina suka zauna suna nuna rairayi ga babu kowa. Na koma ga 'yan kamfani: buga takardu, hoton katin shaida, gyaran na'ura. Da haka muka ci abinci shekaru, har ramin ma'adinai na Akokan ya rufe.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Mutanen da ke kawo mini aiki suka koma masu kawo takardar neman aiki. Rabin unguwarmu ya ɗaure kaya ya koma Maradi da Tawa. Na sayar da ordinater ɗaya cikin biyun da nake da su. Kuran, wato lantarkin da ake turo mana daga Anu Araren, kuwa yana zuwa kamar baƙo mai kunya, ya leƙo ya ce salamu alaikum, kafin ka amsa ya tafi. Kan haka damina ta ƙi. Makiyaya suka fara saukowa bakin gari suna kafa tantuna, wasu da akuya biyu, wasu da igiya kawai.

Cikin wannan hali Alhaji Gumur ya shigo shagona wata safiya. Shi ne shugaban wata ƙungiyar makiyaya ta Abzinawa, dogo, rawaninsa har kan hanci, ba ka ganin komai sai idanu biyu masu auna mutum. Ya ce fari ya watsa raƙuma. Raƙumi in ya rasa ciyawa sai ya kama hanya, ya tafi kwana da kwanaki, a tsince shi a rijiyar da ba a san mai shi ba. Da can cigiya ake yi daga baki zuwa baki, kafin labari ya iso dabba ta mutu ko an sayar. Yanzu kusan kowane zango akwai mai portabil. Yana son duk wanda ya tsinci raƙumi ya turo hoto, a sa a shafi ɗaya, mutum ya dinga turawa da yatsa yana gani ɗaya bayan ɗaya.

"Za ka iya?" ya tambaye ni.

Na ce, "Alhaji, ni ne na koya wa hoto tafiya. Kafin ni a tsaye yake."

Bai yi dariya ba. Ko ya yi, rawani ya cinye ta.

To ga aikin da kuke cewa minti biyar. Abin da ku yara kuke kira karusel ba komai ba ne illa taga guda da dogon layin hotuna a bayanta, kamar ayari na wucewa ta ƙofar gari. Tagar tana ɓoye komai sai wanda ya zo daidai bakinta. Kod ɗinka shi ne madugu: ya ja layin faɗin hoto ɗaya cif, ya tsaya. In ya ja ya zarce, sai ka ga gindin raƙumin Gugaram haɗe da kan raƙumin wani gari. In layi ya ƙare, ya san yadda zai koma farko ba tare da ya ja duka ayarin da gudu baya ba. Wannan kowa zai iya kwafowa daga intanet, na yarda. Abin da ba za ku kwafo ba shi ne sanin wanda zai kalla.

Na farko da na yi, na sa kowane hoto ya tsaya daƙiƙa uku ya wuce da kansa, yadda ake yi a shafukan masu sayar da takalma. Na kai wa dattawan ƙungiya. Wani tsoho ya kafa wa hoton farko ido, bai gama duba ƙafar gaba ba raƙumi ya tafi. Ya ɗago ya ce, "Wa ya kore shi?" Makiyayi ba kallon raƙumi yake ba, karatunsa yake yi, daga kunne zuwa tozo zuwa tafin ƙafa. Na koma na kashe tafiyar kai da kai gaba ɗaya. Hoto ba ya motsi sai an ce ya motsa.

Sai yatsa. Ku yatsunku laushi gare su kamar na jarirai, kuna shafa gilashi ya ji ku. Yatsan mutumin da ya shekara arba'in yana jan guga, portabil ba ta ma san an taɓa ta ba, tana zaton itace ne ya faɗo. Na sa kibiya biyu, dama da hagu, manya-manya, kowace kamar faifai. Ɗige-ɗigen nan da ake jerawa ƙasan hoto na cire su, na sa lamba a fili: na bakwai cikin talatin, don mutum ya gaya wa ɗan'uwansa ta waya, "Duba na bakwai."

Sai nauyi. A daji rezo, wato sabis ɗin waya, yana kan dutse, sai ka hau ka ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Hoto ɗaya yadda ya fito daga portabil zai cinye megan intanet ɗin mutum na sati kafin kunnen raƙumi ya bayyana. Dole in rage kowane hoto, amma ba har ya dushe ba, don shaidar wuta da ke jikin dabba ita ce dukan zancen. Na kuma sa kada shafi ya jawo hotuna duka lokaci guda, sai wanda ake kallo da mai bi masa. Sati biyu na yi a kan wannan, ina aiki in kuran ya zo, ina fifita in ya tafi.

Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a ido. Layin hotuna yana tafiya ne daga dama zuwa hagu. Raƙumin da ke fuskantar hagu sai ka ga kamar tafiya yake da ƙafarsa, gwanin sha'awa. Wanda ke fuskantar dama kuwa sai ka ga kamar an kama shi ta wutsiya ana ja da baya. Ni kuma mutum ne mai son tsari. Akwai maɓalli guda a manhajar gyaran hoto mai juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu. A shafin mai takalma mun saba, ba wanda ya taɓa kuka. Na bi duk masu fuskantar dama na juya su. Ayari ya miƙe sak, kowa ya sa gaba waje ɗaya. Na zauna ina kallo ina yaba wa kaina, har na yi wa kaina ƙarin shayi.

Shafi ya fara aiki. Cikin makonni aka mayar da raƙuma da dama ga masu su. Alhaji Gumur ya fara gaishe ni da hannu biyu. Shi ne kaɗai aikin da ke ciyar da gidana a lokacin, ku riƙe wannan ma.

Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo, da sanda, da baƙin mayafi da rana ta cinye launinsa. Ba ta yi sallama da kujera ba, a ƙasa ta zauna kan tabarma. Ta ce sunanta Lalla, tana cikin masu tantuna a bakin gari. Hausarta irin ta mutanen daji ce, gajera, ba ado.

"Kai ne mai raƙuma cikin gilashi?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Garke gare ni da ba ya cin ciyawa."

"Nuna mini na sha tara."

Na buɗe. Taguwa ce fara-fara, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, tsaye bakin wata rijiya ta wajen Gugaram, da dutse a bayanta. Wani mai lambu ne ya tsince ta yana riƙe da ita. A wuyanta ga shaida kamar sawun tsuntsu, yatsu uku. Tsohuwar ta matso har numfashinta na taɓa gilashi.

"Wannan tawa ce," ta ce. "Hannuna ya fito da ita daga cikin uwarta."

Na duba rubutun da ke ƙasa na ce, "Inna, ai an riga an sami mai ita. Wani Ilyasu."

Ta ce ta sani. Ilyasu ɗan danginsu ne. Kakanninsu wa da ƙane ne, shaidarsu iri ɗaya, sawun tsuntsu. Da suka raba dukiya sai gidan wa suka riƙe gefen dama na wuya, gidan ƙane suka koma gefen hagu. Ita gidan dama ce, Ilyasu gidan hagu. A hoton kuwa shaida tana hagu. Shi Ilyasu direba ne a ramin Akokan, tun yana yaro yake gari. Da aka sallame su ya zauna ba aiki, ga iyali. Ya ga hoton, ya ga shaidar gidan ubansa, ya ce cikin raƙuman uban ne da suka watse. Ƙungiya ta duba ta ba shi gaskiya. Ba shi da abin ciyar da ita, sai ya yi magana da wani dillali ta waya. Ranar Alhamis motar dillali za ta bi ta rijiyar ta ɗauke ta zuwa arewa.

Tsohuwar ta ce daga cikin duk abin da mijinta ya bar mata, wannan taguwa ce kaɗai ba ta ga gawarta ba. Ta je wa dattawa sun ce, "Lalla, dubi wuya." Ta gaya wa mata sun ce fari ya taɓa mata kai. Har an fara cewa tsohuwa ta sa ido kan dabbar marayun gidan ƙane, wannan kuwa a wurinsu ya fi asarar taguwar muni.

Ni har lokacin ban farga ba, ku ji dolanci. Na gyara murya na fara yi mata wa'azin haƙuri, cewa dabba tana kama da dabba. Ba ta ko saurare ni ba. Ta sa ƙarshen sandarta kusa da gilashin, ba kan taguwar ba, can bayanta.

"Bar raƙumi. Wannan dutse fa?"

"Me ya sami dutse, Inna?"

"Shekara arba'in ina shayarwa a wannan rijiya. In ka tsaya bakin rijiya ka dubi dutse, kafaɗarsa da ta karye tana wajen fitowar rana. Aduwa tana ƙarƙashinsa. Nan ga shi sun koma wajen faɗuwar rana." Ta juyo ta dube ni. "Raƙumi yana tafiya, na sani. Wa ya juya dutse?"

Jama'a, gumin da ya keto mini a lokacin da an tara shi da ya shayar da garken Gugaram kaf, a yi wanki da saura.

Na ce ta dakata. Na shiga wurin da nake ajiye uwayen hotuna, ina yi wa Mushe Abdu addu'a a kowane latsi, Allah ya jiƙansa. Ga uwar na sha tara. Taguwa na fuskantar dama. Shaida a gefen dama na wuya. Kafaɗar dutse a inda Allah ya ajiye ta. Da shaidar harafi ce ko lamba, da juyawar ta tona kanta, a ga ta birkice. Sawun tsuntsu kuwa ko ta ina ka juya shi sawun tsuntsu ne.

Na juya mata gilashin. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Yauwa. Ya dawo."

Yanzu ga inda sana'a take, ba a kod ba. Mayar da hoton daidai latsi ɗaya ne, ba wanda zai gan ni. Amma rabin daji ya riga ya ga shaida a hagu. In gobe suka gan ta a dama, me za a ce? Tsohuwa ta je wurin ɗan Damagaram ta ba shi wani abu ya canja hoto. Ta tashi daga mai ruɗewa ta koma mai ha'inci, motar dillali kuma ta zo ranar Alhamis yadda aka shirya. Ba abin da zai fitar da ita sai in je gaban dattawa in ce ni ne. In na faɗa kuwa, mai yiwuwa aikina ya tafi, in koma cin iskar Arlit da cokali.

Na ce, "Inna, tashi mu je." Na rataya ordinater a kafaɗa. Na biya shagon mai aski na maƙwabta na ɓalle madubinsa daga bango, na bar shi tsaye da rabin kan wani mutum yana ɗaga mini murya.

Dattawa suna zaune ƙarƙashin rumfar ƙungiya, shayi yana kan gawayi. Aka aika aka kira Ilyasu, ya zo da tsohuwar rigar aikinsa ta kamfani mai ratsin haske. Na gaisa da kowa gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, don ina neman inda zan fara. Alhaji Gumur ya dubi madubin ya ce, "Malam Sanusi, aski ka koma?"

Na ce, "Alhaji, kusan haka ne. Kaina na kawo a aske."

Na buɗe uwar hoton, na kafa madubi gefenta. Na ce su dubi gilashi, su dubi madubi. A ɗaya shaida na dama, a ɗaya tana hagu. Na ce abin da ke shafi shi ne na madubin, kuma ni na yi, da hannuna, ba wanda ya sa ni.

"Don me?" in ji Alhaji Gumur.

"Don su fuskanci waje ɗaya. Ya fi kyau."

Har butar shayi ta daina ƙara, na rantse. Wani tsoho mai ido ɗaya ya ce da na kusa da shi wani abu da harshensu na Tamajak, ban ji ba, amma na ga kafaɗu suna rawa ƙarƙashin riguna.

Ilyasu ne bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, tsaya. Tunda kana iya juyawa, ta ina zan san wanne ne na gaskiya? Wata ƙila wannan ne ka juya yau."

Tambaya ce mai kyau, ba ni da amsarta cikin na'ura. Inna Lalla ce ta amsa daga inda take zaune a bakin rumfa. Ta ce, "Ilyasu, kai ba ka san dutsen ba, ɗan gari ne kai. Waɗannan sun sani. Ku duba dutse."

Ordinater ta zaga hannu zuwa hannu. Kowane tsoho ya duba uwa, ya duba na shafi. Ba wanda ya kalli taguwar. Mai ido ɗaya ya ce da Hausa, "A nan aka yi mini kaciya, ƙarƙashin aduwar nan. Wajen gabas take." Alhaji Gumur bai tsaya nan ba, ya kira mai lambun da ke riƙe da dabbar. Aka yi ta kira ba ta shiga, sai da aka sha shayi na biyu mutumin ya hau inda rezo yake. Alhaji ya sa muryar a fili ya ce ya je ya dubi wuya ya dawo. Muka jira ya sauka, ya duba, ya sake hawa. Muryarsa ta zo tana yankewa: "Dama... gefen dama."

Ilyasu ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido. Kowa a rumfar ya san abin da ya riga ya shirya yi da kuɗin taguwar nan, mutum mai 'ya'ya shida da ba albashi. Sannan ya tashi ya je ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ki yafe mini. Na san kowace mota ta cikin rami da ƙarar injinta. Raƙumin gidanmu kuwa sai an nuna mini a hoto."

Ta ce, "Ba kai ka juya dutse ba. Ga mai tumbi nan."

Nan rumfa ta fashe. Ni ma na yi dariya, don ba ni da wata mafita.

Alhaji Gumur ya jira aka lafa, ya ce, "Guda nawa ka juya?"

Na ce, "'Yan kaɗan ne, Alhaji."

"Nawa?"

"Sha ɗaya."

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce kafin rana ta faɗi kowane raƙumi ya koma yadda yake, kuma a kira duk wanda aka ba dabba cikin sha ɗayan a sake dubawa. Allah ya rufa asiri, sauran shaidunsu ba su da abokin gefe, ba a ba kowa ta wani ba. Dillali kuwa Ilyasu da bakinsa ya kira shi ya ce ciniki ya tashi. Washegari ya aro wata tsohuwar mota wurin abokinsa, ya sa Inna Lalla gaba, ya tuƙa ta har rijiyar. Waɗanda suka je sun ce taguwar ta ji muryarta tun motar ba ta tsaya ba, ta ja akala har ta kusa tafiya da mai lambu. Ni ban je ba. An ce in zauna kada in juya musu hanya.

Ba a kore ni ba. Abin da aka yi mini ya fi kora. Alhaji Gumur ya yanke cewa daga ranar ba hoton da zai hau shafi sai makiyayi ya zauna kusa da ni ya ga uwa ya ga ɗiya ya ce sun yi daidai. Wa aka naɗa? Inna Lalla. Duk Litinin sai ta zo da sandarta ta zauna kan tabarma, ni mai shekara ashirin a sana'a ina juya mata gilashi kamar ɗan lakwal gaban malaminsa. Kuma ta gyara mini aiki, in faɗi gaskiya. Ita ta hana ni yanke gefen hoto don ya cika taga, ta ce ƙafa da ƙasa da abin da ke baya duk magana ne. Ita ta sa aka ce kowace dabba a turo hotonta biyu, dama da hagu. Ilyasu kuma ƙungiya ta ɗauke shi yana zagaya rijiyoyi da mota yana ɗauko hotunan, tsohuwar tana koya masa inda ake tsayawa.

Saboda haka in kun buɗe shafin yau za ku ga wani raƙumi ya nufi gabas, wani yamma, wani ana jansa da baya ta wutsiya. Wani yaro mai dipuloma daga Yamai ya taɓa gani ya ce mini, "Baba, ba tsari. Bari in daidaita maka su, minti biyar ne." Na riƙe masa hannu tun bai kai kan maɓalli ba, riƙon da har yau in ya gan ni yana shafa wuyan hannunsa.

Da ruwa ya dawo Inna Lalla ta kwashe tantinta ta koma daji. Bayan shekara da wani abu Ilyasu ya shigo shago ya ajiye mini ƙunshin cuku a kan tebur, ya buɗe portabil ɗinsa. Ga taguwar ta yi ƙiba, tozo ya tashi, ga ɗan jariri fari yana tsaye kan ƙafafu kamar karan dawa, yana fuskantar dama. Ga dutse a baya da karyayyar kafaɗarsa wajen gabas.

Ilyasu ya ce, "Ta ce ka sa shi a gilashi mutane su gani. Ba ɓata ya yi ba, so take a gani kawai. Ta ce kuma in tsaya a kanka har ka gama."

Ya ja kujera ya zauna, ya naɗe hannu. Na ajiye uwa a wurinta, na rage ɗiya, na sa ta ta farko a layi. Ya matso ya duba wuya, ya duba dutse, sannan ya kwance ƙunshin ya ɓallo mini cuku.